A sake awon mana mu gani: kan masu binciken ruwa kafin haƙa bohol a Kaduna

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wata harka da ke cinye kuɗin mutanen Kaduna shiru-shiru, wato binciken ruwa da ake yi kafin a haƙa bohol, wanda mu a bakin aiki safiyo kawai muke ce masa. Da damina ta ɗauke, daga Rigasa zuwa Mando, Rigachikun, Hayin Banki, Gonin Gora har sababbin unguwannin tsallaken kogi wajen Millennium City ba abin da kunne ke ji sai ƙarar kwamfaresa, kowa ya gaji da jiran 'yan garuwa yana so ya ga nasa famfon a tsakar gida. Kuma kusan duk wanda ya haƙa yana da wata takarda a durowa, rahoto mai hoto kala-kala, ja da kore da shuɗi, an zana kibiya an rubuta a haƙa nan mita kaza. Wani ya samu ruwa, wani ƙura ya saya da miliyoyinsa. Maganata guda ɗaya ce, duk awon da in an maimaita shi a wuri ɗaya ba zai ba da kusan abin da ya bayar da farko ba to bai kai a ɗora masa ko sisi ba, kuma mai gida yana da haƙƙin ya ce a sake a gabansa kafin motar haƙa ta shigo layi.

Ni ba farfesa ba ne. Na dai daɗe ina bin masu wannan aikin, daga jan waya da buga ƙarfe na fara har na kai ga zama gaban na'ura ina rubuta lambobi, to abin da zan faɗa daga fili na ɗauko shi.

Na'urar nan fa ba ta ganin ruwa, wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su sani ba. Ƙarafa 4 ake kafawa a layi ɗaya, biyun waje a tura wutar lantarki cikin ƙasa ta cikinsu, biyun ciki su auna ƙarfin wutar da ya bayyana a tsakaninsu, sai a haɗa da nisan da ke tsakanin ƙarafan a fitar da lamba ɗaya mai nuna yadda ƙasar ke turje wa wuta, ana ƙirga ta da om-mita. Duk sanda aka ƙara buɗa ƙarafan waje wutar na ƙara nutsawa ƙasa, shikenan dabarar. Lafiyayyen dutse wanda bai tsage ba yana ba da dubbai, yumɓu mai danshi yana iya saukowa ƙasa da 20, ruɓaɓɓen dutse mai riƙe da ruwa yakan faɗo tsakani, gommai zuwa 'yan ɗaruruwa. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, wani Bafaranshe Conrad Schlumberger ya fara gwada ta a 1912 a yankin Nomandi, Frank Wenner kuma a Amurka ya fitar da nasa tsarin jera ƙarafan a 1915, har yau sunayen mutum biyun nan ake kira a fili in za a faɗi yadda aka jera. Abin da ya ƙaru daga baya shi ne a jera ƙarafa da yawa, gommai, a jikin kebul ɗaya, na'ura ta riƙa zaɓen huɗu-huɗu da kanta tana aunawa, kwamfuta ta haɗa ta fitar da hoton cikin ƙasa. Wancan na farko na wuri ɗaya shi ake ce wa VES kuma shi ya fi yawa a garin nan.

Dalilin da ya sa awon ke da nauyi a wajenmu shi ne irin ƙasarmu. Kaduna a kan tsohon dutse take zaune, irin wanda ya leƙo waje a Kufena ta Zariya da duwatsun Kajuru, shi ne dai a ƙarƙashin gidajenmu, sai dai an lulluɓe shi da marmara da jar ƙasa. Ba kamar Maiduguri ko Sakkwato ba inda akwai shimfiɗar yashi mai ruwa da ke tafiya kilomitoci a ƙarƙashin ƙasa. Mu ruwanmu wuri biyu yake ɓuya, cikin ruɓaɓɓen saman dutsen, wanda wani wurin kaurinsa mita kaɗan ne wani wurin ya kai 30 ko ya wuce, sai kuma cikin tsagar dutsen kansa. Ita tsaga siririya ce, tana iya bi ta gidan maƙwabcinka ta bar naka, shi yasa za ka ga gida biyu katanga ɗaya ta raba su, wannan sumonsa na cika tanki wancan ko alwala ba ta samuwa. A irin wannan ƙasar kuskuren mita 10 a inda aka kafa turken alamar wurin haƙa ya isa ya raba mutum da kuɗinsa.

To yanzu batun maimaitawa. In ka sayi masara a kasuwa mai awo ya ce tiya 10 ce, ka ce sake aunawa, ta fito 7, ai ba sai an kira alƙali ba. Amma kuma in an bubbuge gindin tiyar ta lotsa, sau nawa duk aka auna 10 za ta riƙa bayarwa kuma an cuce ka. Dukkan biyun suna faruwa a awon ƙasa, shi yasa sake awon ba iri ɗaya ba ne, hawa-hawa ne, kuma kowanne da irin ɓarnar da yake kamawa.

Mafi sauƙi shi ne a sake danna maɓalli ba tare da an taɓa komai ba. Na'urori na ƙwarai, irin Terrameter ta kamfanin ABEM na Suwidin da aka fi sani a nan, da kansu suke yin wannan, su tura wuta su juya ta su sake turawa sau 4 ko fiye sannan su ba da matsakaici, sababbin ma har su nuna maka kashi nawa cikin 100 karatun ya saɓa wa juna. In ƙasa ta karɓi wuta da kyau saɓanin ba ya wuce kashi 1 ko 2. Amma je ka tsaya a fako a watan Janairu ko Fabrairu, hunturu ya busar da komai, marmara ta yi tauri guduma na tsalle a kan ƙarfe, yaro ya buga ya buga ƙarfen ya shiga ɗan taƙi ɗaya ya ce oga ya shiga. Ka danna ta ba ka 300 da wani abu, ka sake ta ba ka 900, ka sake ta kawo lamba da alamar ragi a gabanta. Wutar ce ba ta samun hanyar shiga, busasshiyar ƙasa ta tsaya tsakanin ƙarfe da danshin da ke can ƙasa. Maganin ba ɓoyayye ba ne, jarkar ruwa da gishiri, a tona ɗan rami a gindin ƙarfen a zuba a jira ya tsuma, a ƙara buga shi ya nutse, in ta kama a haɗa ƙarfe biyu ko uku wuri ɗaya, a kankare tsatsar bakin maƙalin waya da wuƙa ko da dutse, a bi wayar da hannu a duba inda robar ta yage tana taɓa ƙasa. In an yi haka sai ka ga lambobin sun natsu, 410, 413, 409, kamar ba su ba. Sai dai wannan yana cin lokaci da ƙafa, don wani ƙarfen yana can mita 100 daga inda kake zaune sai an yi ta ɗaga hannu ana ihu, ga rana, ga wani aikin yana jira a Sabon Tasha kafin la'asar. A nan ne wanda ba ya tsoron Allah yake duban lambobi ukun nan da suka saɓa ya zaɓi wadda ta yi masa kyau ya rubuta ya ce a matsa gaba. Mai gida yana gefe a inuwa yana ganin ana aiki tuƙuru.

Af, tunda na ambaci ƙarafan waje, jama'a a riƙa janye yara da awaki daga jikinsu in ana awo, wutar da ke bi ta nan tana kai ɗaruruwan bolt.

Cikin gari kuma wata fitinar ce daban. Taransifoma da wayar da aka binne a gindinsa, falwaya, janareton maƙwabci, tsohon bututun ƙarfe na ruwan famfo da ke kwance a ƙarƙashin layi, shingen waya, rodin da ke cikin kwalbati, duk waɗannan ko dai suna zuba tasu wutar a ƙasa ko kuma suna janye wadda ka tura su tafi da ita. Bututun ƙarfe da ya bi layin awonka zai sauko da lamba ƙasa sosai ta yi kama da an faɗa kan tafki, kuma abin haushin shi ne wannan ƙaryar tana maimaituwa daidai, ka danna sau 20 amsa ɗaya za ka samu. Ita kuwa hayaniyar wutar nepa tana zuwa tana tafiya, akwai layin da sai an ɗauke wuta karatu ke tsayawa, wataƙila mu kaɗai ne a garin nan muke murna in an ɗauke.

Hawa na biyu shi ne wanda na fi so a sani don ba kowa ke yi ba. A musanya wayoyi, ƙarafan da suka tura wuta su koma masu aunawa, masu aunawa su koma masu turawa, ƙasa dai ita ce, ƙarafa suna inda suke. A ƙa'idar lantarki amsar dole ta zama ɗaya, ko wace irin cakuɗa ce a ƙarƙashin ƙasar. To in ka samu 200 ta gaba ka samu 204 ta baya alhamdulillahi. In ka samu 200 da 290 akwai matsala a ƙarfe ko a waya ko a hayaniyar wurin, ko da kuwa na'urar ta nuna maka karatunta na farko bai saɓa wa kansa ba. Masu aikin da hankali sukan zubar da duk karatun da saɓaninsa ya haura kashi 5 zuwa 10 cikin 100, ba sa barinsa ya shiga kwamfuta. A awon kebul mai ƙarafa da yawa wannan ya fi muhimmanci, saboda ƙarfen da ya gama tura wuta yanzun nan yakan riƙe ɗan caji na wani lokaci, in na'ura ta juyo ta yi aunawa da shi nan take sai ya gurɓata lambar, kuma sake danna maɓalli ba zai tona wannan ba sai musanyar. Tana ninka lokacin aiki, gaskiya ne. Amma ko ba a yi wa duka ba a yi wa wasu mana, a rubuta a rahoto.

Hawa na uku shi ne maganin lotsattsiyar tiya, a tumɓuke ƙarafan gaba ɗaya a sake ja da tef a sake kafawa. Ga dalili. A tsarin Schlumberger ƙarafan ciki sukan fara da tazarar mita 1 tsakaninsu. A ce yaro ya kafa su a mita 1 da santimita 10, ɗan abin da ido ba zai kama ba, to duk lambar da za a karanta da wannan kafin ta hau da kusan kashi 10 cikin 100, kuma za ta ci gaba da hawa haka har sai an matsar da su. Sake danna maɓalli ba zai nuna ba, musanya waya ma ba za ta nuna ba don ƙarafan suna nan inda aka yi kuskuren. Balle kuma masu auna tazara da taku, wai ai ƙafata mita ce, ko igiyar da aka ɗaɗɗaure da ƙulli tun bara ta sha ruwa ta sha rana ta miƙe. Ni a ganina duk wurin da za a ce a kafa injin haƙa ya cancanci a sake shimfiɗa awonsa daga farko ko da sau ɗaya ne, in da hali ma wani mutum daban ya ja tef ɗin.

Ko mutum bai je fili ba akwai alamun da takardar kanta ke nunawa. In an zo matsar da ƙarafan ciki ƙa'ida ce a karanta wuri ɗaya sau biyu, da tsohuwar tazara da sabuwa, don a ga yadda suka haɗu. Duba teburin lambobin, in ba ka ga inda nisan waje ya maimaitu ba to an tsallake wannan. In kuma ka ga ya maimaitu amma lambobin biyu sun zo daidai cif-cif a kowane wuri har ɗigo, nan ma da walakin, ƙasa ba ta cika yin haka ba, biro ne ke yi. Sannan zanen da ake fitarwa a takardar girafi ta musamman ta wannan aikin, in ƙasar shimfiɗa-shimfiɗa ce, ba ya iya hawa da tsinin da ya wuce digiri 45 ko da dutsen ƙasan ya kai me tauri. In ya miƙe sama kamar katanga to ko waya na yoyo ko akwai wani abu a gefe da ya karkatar da wutar, a koma a duba, ba a kai wa kwamfuta ta shafe ba.

Kar kuma a ce na ce duk saɓani ha'inci ne. Ƙasar da aka auna a Agusta ba ita ce ta Afrilu ba. Ruwan sama da ke sauka mana ya haura milimita 1,000 a shekara kuma kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba yake zuba, to saman ƙasa yana jiƙewa ya bushe, ruwan ƙasa ya hau ya sauka, lambobin mitocin farko suna iya ninkawa tsakanin damina da bazara ba laifin kowa. Zafi ma yana da nasa, duk digiri 1 da ruwan cikin ƙasa ya ƙara ɗumi turjiyar na sauka da kusan kashi 2 cikin 100, amma wannan a sama-sama yake tasiri, can ƙasa zafin ba ya motsi sosai. Abin da ba zai yiwu ba shi ne rahoton Agusta ya ce dutse na mita 15 na Afrilu ya ce yana mita 60 a kan turke ɗaya. Dutse dai ba ya tafiya ci-rani. Shi yasa rashin rubuta kwanan wata da yanayin ƙasa a rahoto ba ƙaramin gibi ba ne, kuma shi yasa nake jin tsoron awon tsakiyar damina, lokacin ko'ina kyau yake yi, a haƙa a ga ruwa a yi walima, Maris na zuwa sumo ya fara shan iska.

Haka in mutum biyu suka tsaya a turke ɗaya wannan ya ja wayarsa gabas da yamma wancan kudu da arewa, za su iya samun lambobi daban kuma kowa na da gaskiya, don tsagar dutse tana da alƙibla, wuta ba ta bin ta tsaye da kwance iri ɗaya. Wanda ya san aiki ma da gangan yake juya layin don wannan bambancin ya nuna masa inda tsagar ta dosa. Amma in ba a rubuta alƙiblar layi ba ta yaya na biyu zai maimaita abin da na farko ya yi?

Sai babbar magana, wadda in na faɗa wasu abokan sana'a ba za su ji daɗi ba. Zurfin da awo ke gani bai cika wuce kashi ɗaya cikin biyar na tsawon shimfiɗar wayar ba. Ka ja mita 100 hagu mita 100 dama, 200 kenan, abin da ka leƙa da gaske bai fi mita 40 ba. Fulotinmu na ƙafa 50 da 100 kuwa mita 15 ne da 30. To wanda ya shigo cikin gidan da aka riga aka kewaye, bai fita layi ba, bai roƙi maƙwabta ya ratsa ta filinsu ba, ya gama cikin rabin awa ya rubuto maka akwai ruwa a mita 120, don Allah da me ya gani? Ko daga kusurwa zuwa kusurwa ya ja, abin da ya auna bai kai zurfin rijiyar guga mai kirki ba. Kuma tsagar dutse raguwa take yi in ana nutsawa, ba ƙaruwa ba, sai dai kuɗin haƙa da mita ake biya, kowa ya yi lissafin wanda dogon rami ke amfana.

Hoton kalar nan kuma da ke sa mai gida ya saki jiki, ba hoto ba ne irin na kyamara. Lissafi ne, manhaja ce ke ƙirƙiro siffar ƙasa ta gwada ko za ta ba da lambobin da aka auna, ta gyara ta sake gwadawa har su kusanci juna. Wadda aka fi amfani da ita, RES2DINV, M.H. Loke ɗan Malesiya ne ya rubuta ta tun shekarun 1990, kuma aiki take yi mai kyau, sai dai abin da ka ba ta shi za ta dafa. Lambobi ɗaya in ka ba mutum biyu, wannan ya zaɓi a sulɓe iyakoki wancan ya zaɓi a kaifafa su, hoto biyu za ka gani. Kalar ma mutum ne ke saita ta, shuɗi ba ya nufin ruwa, yana nufin nan ne lamba ta fi ƙasa a wannan hoton kawai, ana iya shafa wa om-mita 800 shuɗi in sauran wurin 5,000 ne. A jikin hoton akwai wata 'yar lamba da ke nuna kashi nawa lissafin ya saɓa wa awon fili, in ka ga 3 ko 5 da sauƙi, in ka ga 30 ko 40 to hoton bai yarda da awon da aka ce daga shi ya fito ba. Sai dai wasu sun gano ana dubawa, sai su yi ta goge karatun da ya ƙi daidaita ko su bar manhajar ta yi ta zagaye har lambar ta sauko, alhali in saɓanin awonka a fili kashi 8 ne ka matsa wa kwamfuta ta sauko 1, hayaniya ce ta zana maka ta zama ɗigo-ɗigon kala kamar wani abu ne a ƙasa. Kaga kenan in ba a maimaita awo an san girman kuskurensa ba, ba a ma san inda ya kamata lissafin ya tsaya ba.

Yanzu kuma ga wasu ƙananan na'urori sun cika gari, ƙarfe biyu kawai, ba sa tura wuta, wadda ke yawo a ƙasa da kanta suke saurare, minti kaɗan hoto ya fito a waya har da zurfin ɗaruruwan mita. Ba zan yanke musu hukunci a takarda ba, sai an gwada akan san na ƙwarai. A bi layi ɗaya da safe, a dawo a bi shi da yamma a kan ramukan ƙarafan farko, a ajiye hotunan biyu gefe da gefe. In sun yi kama madalla. Mai na'urar da ya ƙi yarda da wannan gwajin ya riga ya ba ka amsa. Akwai kuma rahoton da ko fili ba a je ba, na taɓa riƙe guda biyu na unguwanni daban, ɗaya arewacin gari ɗaya kudu, teburin lambobinsu iri ɗaya har kuskuren bugu, sunan mai gida kawai aka canza.

Mu ma masu gida muna da namu. Mutum zai kashe miliyoyi a haƙa da kesin, wato bututun da ake zurawa a ramin, da sumo da tanki amma kuɗin safiyo ne yake ciza yatsa a kai, ya nemi mafi araha, ko ya bar wa ɗan kwangilar haƙa ya kawo nasa mutumin a kyauta, wanda in ya ce babu ruwa ogansa ya rasa aiki. Araha ba ta ado. Wani kuma ya riga ya zaɓi kusurwar da yake so kusa da inda zai ɗora tanki, so yake kawai a sa masa hannu.

Kuma ko awo ya maimaitu tsaf sau uku wannan ba alƙawarin ruwa ba ne, gara a faɗa wa mutane gaskiya. Yumɓu yana ba da ƙaramar lamba mai kyau a ido, yana riƙe da ruwa amma ba ya sakinsa. Sannan siririyar shimfiɗa mai ƙaramar turjiya da kakkaura mai matsakaiciyar turjiya suna iya ba da zane kusan iri ɗaya a sama, na'ura ba ta iya raba su. Abin da ke raba su shi ne sanin unguwar, rijiyoyin maƙwabta a mita nawa suka samu dutse, a ina ruwa ya fito, wace irin ƙasa injin ya tofo. Mai safiyon kirki kafin ya sauke kaya yakan zagaya ya tambayi wannan, in ya samu bohol mai aiki a kusa ma ya fara yin awo a gefensa don ya ga yadda ruwan unguwar ke bayyana a na'urarsa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne Kaduna ba ta rasa masana ba. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana nan Mando tun 1979 tana horar da masu wannan aikin, ɗakunan gwaje-gwajen hukumar binciken ƙasa ta Najeriya suna garin nan, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana yaye masu ilimin ƙasa duk shekara, ga COMEG, majalisar injiniyoyin ma'adinai da masana ilimin ƙasa, da dokar 1990 ta kafa don rajistar masu sana'ar. Roƙona gare su da hukumomin ruwa na jiha shi ne a samar da fili guda da aka san cikinsa, wanda aka haƙa aka rubuta abin da ke kowace mita, duk mai na'ura ya riƙa kai ta can lokaci-lokaci ana gwadawa ana ba shi shaida. A kuma riƙa karɓar bayanan haƙa daga hannun masu injin ana tarawa unguwa-unguwa, har na ramukan da ba su ba da ruwa ba, don su ne ma suka fi koyarwa kuma su ne ake rufewa a yi shiru.

Kafin nan, ɗan'uwa mai shirin haƙa, ranar safiyo kar ka aika yaro, ka tsaya da kanka. Ka ga inda waya ta kai, ka ce a sake karatu biyu ko uku a gabanka a musanya wayoyin ka ga lambar da idonka, ka ɗauki hoton takardar fili da wayarka tun kafin a tafi da ita ofis, ka tabbata akwai kwanan wata da alƙiblar layi da sunan na'ura da lambar rajistar wanda ya sa hannu. Turken kuma a zuba masa siminti a ɗauki lambar GPS ɗinsa, don sanda da aka soka a ƙasa yara na iya cire ta kafin sati, direban motar haƙa kuma in ya zo bai ga alama ba inda motarsa ta fi samun wurin juyawa nan zai kafa.

Malam Edita in da hali ku tura wakilinku ya bi wata tawagar safiyo yini guda a wannan ranin, ya nemi a auna turke ɗaya sau biyu, ku buga lambobin duka biyun a jarida.

Na gode, a huta lafiya.

Naku mai karatu,
daga Tudun Wada, Kaduna